Kada Kujera Ta Raba Ki Da Sujada: Uwargida Da Motsa Jiki

 

'Yar uwa, in kin halarci sallar tarawihi ko tahajjud a azumin da ya gabata, na san idonki ya gane miki wani abu a ɓangaren mata, wato kujerun roba da ake jerawa a gefen sahu. A da, in kin ga mace tana salla a zaune, to tsohuwa ce tukuf wadda ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Yanzu kuwa cikin masu neman kujerar nan har da matan da ba su wuce shekara 45 ba, wata ma autanta bai gama firamare ba. In kin tambaya, amsar ba ta wuce gwiwa, ko baya, ko ƙugu.

Addini ya yi sauƙi, kuma babu laifin komai a kan mai lalura in ta yi sallarta a zaune, ladanta na nan. Amma ki tambayi duk wadda ta rasa sa goshinta a ƙasa, za ta gaya miki irin kewar da take ji. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, da yawa daga cikin cututtukan da ke kai mu ga kujerar nan ana iya jinkirta su ko a kauce musu baki ɗaya, kuma maganin yana cikin tsakar gidanki, ba ya buƙatar ko sisin kwabo.

Me ya canza tsakaninmu da iyayenmu?

Ki tuna yadda kakarki take yini. Ta tashi da asuba ta yi shara, ta ja ruwa a rijiya guga bayan guga, ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ta yi wanki da hannu, ta tuƙa tuwon gida guda. In za ta barka ko gaisuwa a wata unguwa, a ƙasa take takawa da goyo a bayanta. Ba ta taɓa jin kalmar motsa jiki ba, amma daga asuba zuwa isha jikinta bai zauna ba.

Ke fa? Niƙa da markaɗe sun koma inji. Ruwa na famfo ne ko na 'yan garuwa. Shara da wanke-wanke akwai 'yar aiki. Unguwar da ba ta kai tafiyar minti goma ba sai an tsayar da adaidaita sahu. In an gama girki sai a kishingiɗa a gaban talabijin, ko a kama waya har barci ya ɗauke. Abincin ma ya canza: tuwon dawa da miyar kuka sun ja baya, farar shinkafa da taliya da burodi da lemun kwalba sun shige gaba. Abin da ke shiga ciki ya ƙaru, aikin da zai ƙone shi ya ragu, sauran kuwa jiki ya adana shi a matsayin kitse.

Ba cewa nake a koma wahalar da ba. Sauƙin da aka samu ni'ima ce ta Allah, mun gode masa. Haka kuma 'yar uwarmu ta karkara da har yau take yini a kan turmi da ɗiban ruwa da itace, ita abin da ta fi buƙata shi ne hutu da abinci mai gina jiki. Maganata ta yau da ke nake, wadda yawancin yininki a zaune yake ƙarewa.

Abin da masana suka gano

A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Direba yana yini a zaune, kwandasta kuwa yana yini hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya suke ciki, iska ɗaya suke shaƙa, amma sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin hallaka su. Daga nan likitoci suka fara ɗaukar yawan zama a matsayin haɗari ga lafiya.

A shekarar 2002 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, wanda aka yi da mutum sama da 3,000 da sukarin jininsu ya fara hawa amma bai kai matsayin ciwon sukari ba. Wasu aka ba su ƙwayar maganin metformin, wasu kuma aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara abinci don su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Masu shan ƙwaya haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 31 cikin 100, masu tafiya da gyaran abinci kuwa ya ragu da kashi 58. Ki lura da ƙanƙantar abin da aka nema: mace mai kilo 85, kilo 6 kacal ake so ta sauke.

Duk da haka, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma mata sun fi maza yawa a ciki, kashi 34 a kan kashi 29.

Me yake faruwa a jikinki in kin motsa?

Tsokar jiki ita ce babbar mai cin sukarin da ke yawo a cikin jini. In kina tafiya, tsokar cinya da ta ƙwauri suna zuƙe sukarin nan su ƙone shi, kuma jiki yana ƙara jin maganar sinadarin insulin har bayan kin huta. Shi ya sa 'yar tafiyar minti goma bayan cin abinci take hana sukari yin tsalle sama.

Zuciya ita ma tsoka ce. In ta saba da aiki takan yi ƙarfi, hanyoyin jini su saki, sai hawan jini ya sauka. Ga mai hawan jini, tafiya a kai a kai tana iya rage lambar sama ta awo da maki 5 zuwa 8.

Gwiwa kuwa ita ce mai ɗaukar kaya. Duk kilo ɗaya da kika sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, kuma in tsokar cinya ta yi ƙarfi ita ke tallafar gaɓar. Da yawanmu muna ɗauka in gwiwa ta fara ciwo sai a daina tafiya, alhali yawan zama ƙara sandarar da ita yake yi. Haka ƙashi: bayan mace ta daina jinin al'ada ƙashinta yakan fara rauni, tafiya da ɗaga abu mai ɗan nauyi suna rage saurin lalacewarsa.

Bayan waɗannan akwai barci mai daɗi, da sauƙin fitar bayan gida, da raguwar ƙunci da yawan tunani. An kuma tabbatar cewa matan da ke motsa jiki sun fi samun kariya daga kansar mama da ta hanji.

Addini bai hana ki ba

Wata za ta ce ai guje-guje da tsalle-tsalle ba ɗabi'ar macen kirki ba ce. To 'yar uwa, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) a wata tafiya, ta wuce shi. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya wuce ta, har ya tuna mata da na farkon cikin raha. Ki duba wannan ƙissa da kyau: ga motsa jiki, ga wasa tsakanin miji da mata, kuma ya bari sai da sahabbai suka yi gaba, wato an kiyaye sutura da kunya.

A cikin Bukhari an ba da labarin yadda dutsen niƙa ya yi wa hannun Nana Faɗima (RA) kanta, da yadda Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar (RA) take ɗauko ƙwallon dabino a kai daga gonar mijinta Zubairu mai nisa da gida. A can ne kuma ya zo cewa jikin mutum yana da haƙƙi a kansa, da cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne guda biyu da mutane da yawa suke asararsu.

Ki tuna da aikin Hajji da Umara da kike ta addu'ar Allah ya kai ki. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai, zuwa bakwai, ya kai kusan kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa a Mina. Shin a kan ƙafarki kike son yi, ko a keken turawa? Shirin wannan rana daga yau yake farawa.

Nawa ya kamata ki yi?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babban mutum ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Ba dole ne a yi shi a zama ɗaya ba, minti goma da safe, goma bayan la'asar, goma bayan abincin dare, duk lissafi ɗaya ne.

Yadda za ki gane kin kai matsakaici shi ne, numfashinki ya ɗan ƙaru, jikinki ya ɗumama, kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Tafiyar rangwaɗa irin ta zuwa gidan biki ba ta kai ba, irin tafiyar wadda ta bar tukunya a kan wuta ake so, kusan taku 100 a minti ɗaya. Ban da wannan, a ƙalla kwana biyu a mako a yi abin da zai ƙarfafa tsoka.

Yadda za ki yi ba tare da kin fita ba

Na san da yawanmu ba ma fita sai da dalili, wasu kuma unguwarsu babu wurin da mace za ta taka a natse. Wannan ba zai hana ba. Tsakar gida ta isa, falo ma ya isa in an matsar da kujeru.

Makon farko, bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ki zagaya tsakar gida na minti goma. Azkar ɗinki na safe da kika saba yi a zaune, ki yi shi kina tafiya, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Mako na biyu ki ƙara minti goma bayan la'asar. Mako na uku ki ƙara na bayan abincin dare. Mako na huɗu ki ƙara sauri. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Don ƙarfafa tsoka kuma, ga abubuwa huɗu. Na ɗaya, ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ki huta ki sake. Wannan shi ne babban abokin gwiwa da sujada. Na biyu, ki dafa bango da tafin hannu biyu ki matso da ƙirjinki kusa da shi ki tura baya, sau goma. Na uku, ki cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu, ki riƙa ɗaga su sama kina saukewa. Na huɗu, ki riƙe bayan kujera ki ɗaga dunduniyarki ki tsaya a kan yatsu, ki sauko a hankali.

Kada kuma ki sakar wa 'yar aiki komai. Ki riƙe shara ko gugar ɗaki ko dakan yaji a hannunki. In gidanku mai bene ne, matakalar nan kayan aiki ce. In kina da abokiyar zama ko maƙwabciya da kuke shiri, ku sa lokaci ɗaya, domin wadda ke da abokiyar tafiya ba ta saurin dainawa. Ko da kin yi tafiyarki ta safe, kada ki zauna awa biyu ko uku cur a kan ɗinki ko kitso ko kallo, ki riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa.

Lokacin bazara ki zaɓi sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana, ki sha ruwa sosai. Da hunturu in ƙura ta yi yawa, musamman ga mai asma, a yi a cikin ɗaki. Da azumi kuwa a sassauta, a mayar da shi bayan buɗa-baki.

Mai ciki, mai jego da Hajiya babba

Akwai masu cewa mai ciki ta kwanta kawai kada cikin ya zube. Ga mai lafiyayyen ciki, shawarar masana ita ce minti 150 na matsakaiciyar tafiya a mako, domin tana rage haɗarin sukarin ciki da hawan jinin ciki da ciwon baya. Amma ki fara tambaya a wurin awo. In kin ga jini, ko zubar ruwa, ko jiri, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ki tsaya ki nufi asibiti.

Mai jego ta fara da 'yar tafiya a cikin gida da zarar ta ji ƙarfi. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita kafin ta ɗaga abu mai nauyi. Akwai kuma wani motsi da babu mai ganin kina yi: ki matse tsokar ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar ki saki, sau goma, sau uku a rana. Yana maganin ɗigar fitsari lokacin tari ko atishawa, abin da mata da yawa ke fama da shi suna jin nauyin faɗa. Sannan a yi hattara da yawan kunun kanwa, domin kanwa tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ja hankali a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta ba tare da jinkiri ba.

Iyayenmu da suka haura shekara 65 su ma kada mu zaunar da su da sunan gata. A bar Hajiya ta taka, ta yi 'yan aikace-aikacenta. A koya mata tsayuwa da ƙafa ɗaya tana dafe da bango, kwana uku a mako, don kare ta daga faɗuwa da karayar ƙugu.

Yara kuwa daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar minti 60 kullum. Gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya da muka yi muna yara, kada waya ta raba 'ya'yanmu mata da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tukunyarki ma tana da magana

Motsa jiki ba zai yi aikinsa ba in tukunya tana warware shi. Gishirin da aka yarda babban mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗanon da muke jefawa a miya yawancinsa gishiri ne. Ki rage su a hankali, ki ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, cikin 'yan makonni harshen gidan zai saba.

Sukari kada ya wuce ƙaramin cokali 12 a yini, in an tsaya a 6 ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da cokali takwas ko tara. Zoɓo da kunun zaƙi na gida ma in an cika musu sukari sun zama ɗaya da lemun. Ganye da kayan marmari kuwa ana son giram 400 a yini, kuma Allah ya hore mana su da araha: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, kabewa, gwanda, kankana, gwaiba. A dawo da wake da gero da dawa da acha. A rage suya da mai mai yawa. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koya mana raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi.

Ina kuma roƙonki ki nisanci ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu magungunan wasu cututtuka ne masu ƙarfi, suna kumbura fuska da jiki, suna jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Haka shayin rage teɓa da ake talla, yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen na nan. Barci kuma a samu a ƙalla awa bakwai, a ajiye waya bayan isha.

Ki san lambobinki

Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna cikinki daidai saitin cibiya. In ya wuce santimita 80, wato inci 31 da rabi, haɗari ya fara. In ya wuce santimita 88, kusan inci 35, haɗarin ya yi yawa. Ki riƙa auna jini ko da ba ki jin komai, domin hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, ki ga likita. Sukarin safe kafin a ci komai in ya kai 126 shi ma haka.

In kina da ciwon zuciya, ko hawan jini mai tsanani, ko kina allurar insulin, ki yi shawara da likitanki kafin ki fara. Kada ki ajiye maganinki don kin fara tafiya, likita ne zai rage miki in ya ga dama ta samu. Duk lokacin da kika ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ki dakata nan take.

Saƙo ga maigida

In kin gama karantawa ki miƙa wa maigida wannan shafi. Alhaji, kuɗin maganin hawan jini da na sukari wata-wata daga aljihunka za su fita, kuma in uwargida ta kwanta gidan duka ne ya kwanta. Ka ƙarfafa mata gwiwa, kada ka yi mata dariya in ka gan ta tana zagaya tsakar gida. Ka saya mata takalmi mai laushi. In da hali ku taka tare bayan asuba ko bayan isha, kai ma tumbin nan yana buƙata.

'Yar uwa, rai da ajali na Allah ne, amma ya umurce mu da riƙo da sababi, kuma rigakafi ya fi magani. Gobe in Allah ya kai mu, in kin sallame sallar asuba, kada ki koma shimfiɗa. Ki ɗauki carbinki ki fito tsakar gida, minti goma kawai.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu da sujadarmu har ƙarshen rayuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.